Lalle da Tarihin Zanen Jiki: Waiwaye Daga Maiduguri

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa yin jajibirin Salla a Maiduguri ya san yadda gidajen masu ƙunshi kan cika tun da hantsi. A Hausari da Shehuri da Gwange da Bulunkutu, sai ka tarar da 'yan mata sun jeru a kan tabarma, kowacce ta miƙe ƙafafu ta ɗaga hannuwa, tana jiran zane ya bushe. Wadda ƙaiƙayi ya kama a hanci sai ta roƙi ƙanwarta ta sosa mata. Bayan mako biyu ko uku kuwa, zanen da aka sha wannan zama dominsa ya koɗe, fata ta koma yadda Allah ya halicce ta, sai ɗan ja da ya rage a farce.

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa tarihi da abin da ba ya wuce mako uku? Tarihin da aka saba koya mana na sarakuna ne da yaƙe-yaƙe. Girgam ya adana sunayen sarakunan Kanem da Borno ɗaya bayan ɗaya, Imam Ahmad ɗan Fartuwa kuma ya rubuta yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma a ƙarni na 16. Amma matar da ta daka ganye ta kwaɓa, ta ƙunsa wa gimbiya a Birnin Gazargamu, ba ta samu marubuci ba. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa lalle shi ma shaida ce ta tarihi. Sunansa da launinsa da salon zanensa suna nuna hanyoyin da mutanen wannan yanki suka bi da al'ummun da suka yi cuɗanya da su. Sai dai shaida ce mai goge kanta, wadda in ba a karanta ta da wuri ba, ta tafi ke nan.

Zanen Jiki a Al'ummun Duniya

Shafa launi a jiki na daga cikin tsofaffin ɗabi'un ɗan Adam. A kogon Blombos da ke gaɓar tekun Afirka ta Kudu, masu haƙar kayan tarihi sun tono a shekarar 2008 wasu ɓawon dodon-koɗin teku guda biyu, ɗauke da kwaɓin jar ƙasa da gawayi da garin ƙashi, waɗanda aka ƙiyasta shekarunsu sun kai 100,000. Masana na ganin shafe jiki na daga cikin abubuwan da aka yi da irin wannan kwaɓi. A Masar, binciken da aka yi wa gawar Fir'auna Ramsis na Biyu a ƙasar Faransa a 1976 ya nuna an rina gashinsa da lalle. A Turai ma, Yuliyas Kaisar, wanda ya kai yaƙi tsibirin Birtaniya shekara 55 da 54 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ba da labarin cewa mutanen tsibirin kan shafe jikinsu da wani shuɗin rini don su firgita abokan gaba. Wato kakannin waɗanda suka zo daga baya suna kallon adon Afirka a matsayin ƙauyanci, su ma sun taɓa fita fagen fama shuɗi fes.

A dazukan Amazon na ƙasar Barazil, ƙabilar Kayapo na zana jiki da baƙin ruwan wani ɗan itace da jan ƙwayar wani, kuma mata ne gwanayen aikin. A duwatsun Nuba na Sudan, James Faris ya nuna a littafin da ya wallafa a 1972 cewa shekarun saurayi su ke ƙayyade launin da aka yarje masa ya shafa, ta yadda yaro ba shi da ikon taɓa launin yayyensa. A nan kusa da mu, samarin Bororo na Nijar da Chadi kan shafe fuska da rawaya ko ja a bikin Gerewol na ƙarshen damina, su baƙanta leɓe don farin haƙori ya fito, 'yan mata kuma su zaɓi wanda ya fi kyau. Matan Ibo suna da uli, baƙin zane da kan yi kamar mako guda a jiki, wanda kuma ake yi a bangon ɗaki. Yarabawa suna da osun, jan garin itacen da Bahaushe ke kira majigi.

Abin lura a duk waɗannan misalai shi ne, babu al'ummar da ke shafa launi haka kawai. Kowane launi yana da wanda ya cancance shi da lokacin da ake sa shi, kuma duk ɗan gari yana iya karanta shi daga nesa.

Tsaga da Lalle

A Borno da ƙasar Hausa, alamun jiki iri biyu ne. Akwai na dindindin, wato tsaga da jarfa, waɗanda wanzami ke yi da aska. Akwai kuma na ɗan lokaci, wato lalle da kwalli da shuni da katambiri da fure, waɗanda galibi suna hannun mata.

Tsaga tana faɗin ko kai wane ne. Zuben Bagobiri daban, na Bakabe daban, layukan da suka sauko a kumatun Babarbare su ma daban. A zamanin yaƙi da harin bayi, wannan alama kan iya mayar da yaron da aka sace ga danginsa bayan shekaru. Ana yin ta mutum yana jariri, ba a shawarce shi ba, kuma da ita za a kai shi kabari. Jarfa kuwa ado ce da budurwa kan nema da kanta a fuska ko a wuya ko a dantse, kuma zafinta ne ya haifar da karin maganar nan da ke cewa wanzami ba ya son jarfa.

Lalle shi kuma yana faɗin halin da mutum ke ciki ne a yanzu. Yana cewa wannan amarya ce, waccan mai jego ce da za ta fita suna, wancan gida kuma ana shirin Salla. Hatta rashinsa magana ce. Matar da mijinta ya rasu takan bar lalle da kwalli da turare har tsawon wata huɗu da kwana goma na takaba, ranar da aka sake ganin ja a ƙafarta kuwa, unguwa ta san ta fita. Da lalle ba ya koɗewa, da bai iya wannan aiki ba, domin hali ba ya dawwama. Amarcin da aka yi wa ƙunshi da kansa ƙarewa yake yi.

Musulunci ya ƙara raba tsakanin nau'o'in biyu. Malamai sun hana zanen da ake huda fata a cusa launi, amma sun halatta lalle, har suna kwaɗaitar da mata a kansa, dattawa kuma suna rina gemu da shi. Bugu da ƙari, tun da rini ne da ke shiga fata ba tare da ya yi mata rufi ba, ba ya hana ruwan alwala isa ga jiki, saɓanin jan farce na kanti. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa tsaga ta yi ta ja da baya, har Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003 ta haramta yi wa yaro ita, alhali lalle kullum sai ƙara karɓuwa yake yi.

Hanyar da Lalle Ya Biyo

Itacen lalle yana son zafi, yana jure ƙishirwa, shi ya sa ya samu wurin zama daga Indiya har gaɓar Tekun Atilantika. A ganyensa akwai wani sinadari da masana kimiyya ke kira loson, wanda kan manne da ƙwayoyin fatar waje da na gashi da na farce. Inda fata ta fi kauri, kamar tafin hannu da tafin ƙafa, nan ya fi kamawa. Fatar waje kuwa kullum saɓulewa take yi tana sabuntawa, don haka zanen ke koɗewa cikin makonni, na farce kuma ya zauna har sai farcen ya tsiro an yanke shi.

Tsohuwar shaidar da ake da ita a rubuce game da noman lalle a Afirka ta Yamma ta fito ne daga malamin Andalus, Abu Ubaid al-Bakri, a littafinsa na hanyoyi da masarautu da ya kammala a 1068. Ya ambaci gonakin lalle masu yawan amfani a Audagost, wani birnin fatake da kufansa ke kudancin Muritaniya ta yau. Wannan lokaci ya yi kusa da zamanin Mai Hume na Kanem, wanda tarihi ya danganta musuluntar gidan sarautar Saifawa da shi a ƙarshen ƙarni na 11.

Shaida ta biyu tana cikin sunan da kansa. Larabawa suna cewa hinna. Da a ce kai tsaye daga bakinsu muka karɓa, da wannan suna muka ara, kamar yadda muka ari littafi da alƙalami da sabulu. Amma Bahaushe cewa yake lalle, Babarbare nalle, Bafulatani nalli, Bayarabe laali. Masana harshe sun danganta waɗannan kalmomi da anella ta Abzinawa. Ke nan, sunan ya keto Sahara ne a bakin masu raƙuma, ya sauka a kasuwannin Sudan ta Tsakiya, sannan fatake suka gangara da shi kudu har ƙasar Nufe da ta Yarabawa. Kalma guda ta zana mana taswirar fatauci da babu wani sarki da ya sa a rubuta.

Da Turawa 'yan leƙen ƙasa suka fara zuwa, sun tarar da adon ya riga ya kafu. Manjo Denham da Kyaftin Kilafaton sun iso Kukawa wurin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi a watan Fabrairu na 1823. Kilafaton, wanda ya yi yawo da sunan Abdullahi, ya wuce Kano a farkon 1824, kuma a bayanin da ya yi na kasuwarta ya ambaci cewa matan Kano da na Borno suna rina gashi da gira da hannu da ƙafa da shuni, maza da mata kuma suna rina haƙora da fure. Wannan bayani yana da muhimmanci, domin ya nuna cewa shekara 200 da suka wuce ja ba shi kaɗai ke mulkin jikin mace ba, shuɗi ma yana da nasa rabo. Yau da wuya ka ga macen da ta shafa shuni, amma harshe bai saki kalmar ba, tun da har gobe masu hannu da shuni muke kiran mawadata.

Lalle a Bikin Bahaushe da na Babarbare

Babu inda lalle ya fi nauyi kamar a aure. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka kuma buga shi a 1954, ta ba da labarin yadda ake sa amarya a lalle a zamanin ƙuruciyarta. Al'adar sananniya ce a ƙasar Hausa: amarya ta gudu ta ɓuya tare da ƙawayenta, a nemo ta, wata tsohuwa ta shafa mata lalle, ita kuma ta fashe da kuka. Daga wannan lokaci ta shiga lalle, ta daina fita, ta zama abin tattali a hannun alwanka har ranar wanka. Ango ma ana kama shi a sa masa nasa. Abin da malamai ke ƙullawa da siga da sadaki a zaure, shi mata ke tabbatarwa da ganye a cikin gida.

Ƙunshin wancan zamani ba zane ba ne irin na yau. Ana daka busasshen ganye a tankaɗe, a kwaɓa da ruwa, a dumbuza a tafin ƙafa har gefenta, a naɗe da ganye da tsumma. Hannu kuwa sai a zura shi cikin zunguru, wani dogon ƙwarya da aka tanada don haka, a kwana da shi. In ana son ya yi duhu sai a maimaita dare biyu ko uku. Banda ado, ana ɗaukarsa magani: yana sanyaya tafin ƙafa a lokacin bazara, yana rage kaushi da faso.

A Borno, bikin Barebari ya ware wa nalle ranarsa a cikin jerin ranakun biki, tare da kla tulta, wato wanke kan amarya da iyaye mata ke yi, da daren wushe-wushe, inda ake yi wa ango da tawagarsa maraba. Birnin da muke ciki kuwa ya zama mahaɗar waɗannan al'adu ne saboda yadda aka kafa shi. Bayan Rabe ya rushe Kukawa a 1893, aka kuma kashe shi a Kusuri a 1900, Shehu Abubakar Garbai ya kafa Yerwa a 1907 kusa da sansanin Turawa na Maiduguri. Barebari da Larabawan Shuwa da Hausawa da Fulani da Babur da Margi suka zauna katanga ɗaya. Mata kuwa ba sa buƙatar tafinta a wurin biki. Abin da aka gani a hannun amaryar Shehuri wannan mako, za a nema a Hausari mako mai zuwa.

Ƙofar Gabas

In sunan lalle daga arewa ya zo, yawancin gyaran jikin da Maiduguri ta yi suna da shi a yau daga gabas ya shigo. Dangantakar wannan yanki da gabas tsohuwa ce, domin tun a ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka tanadi masauki a Alƙahira don alhazai da ɗalibansu. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira har bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake har yau. Kafin jirgin sama ya karɓe jigilar alhazai, mai niyyar Makka daga Kano ko Sakkwato ta Borno yake bi, ya ratsa Fort Lamy, wato Njamena ta yau, da Abeche da Fashir da Ubayyid, har ya kai Bahar Maliya. Tafiyar kan ɗauki shekaru, ana yi ana tsayawa noma ko ƙwadago, kuma da mata da yara ake yin ta.

Waɗannan mata ba da tsarabar zamzam da dabino kaɗai suka dawo ba. Kalmomin da mai gyaran amarya ke amfani da su a Maiduguri sun isa shaida: dilka, wato kwaɓin da ake murje fata da shi, halawa, wato narkakken sukari da lemon tsami na cire gashi, humra, turaren da ake haɗawa a jiƙa. Duk ukun da waɗannan sunaye aka san su a Sudan, haka kuma zaman turara jiki da hayaƙin itace mai ƙamshi. Larabawan Shuwa, waɗanda harshensu ɗan'uwan Larabcin Chadi da Sudan ne, sun zama gada a tsakani. Daga Maiduguri sana'ar ta bazu yamma, har ta kai ga a Kano da Kaduna da Abuja in ana son yabon mai gyaran jiki sai a ce 'yar Maiduguri ce.

Salon zanen shi ma ya sauya a rabin ƙarshe na ƙarni na 20. Aka samu ƙunshin salatif, inda ake yanka salatif siriri-siriri a manna a fata, a shafa lalle a kai, in an ɓare sai zanen ya fito a inda lallen bai taɓa ba. Aka samu zanen fulawa, wanda ake matsowa daga ƙullin leda mai tsinin baki, yana hawa daga yatsu har gwiwar hannu. Manyan furanni baƙaƙe irin na Sudan, da ƙananan zane masu cunkoso irin na Indiya da finafinai suka saba wa idonmu da su, da na ƙasashen Larabawa da alhazai ke gani a Makka da Madina, duk sun haɗu a hannu guda. Zunguru kuwa ya koma rataye a ɗakin kaka, in ma yana nan.

Zanen Jiki a Wannan Zamani

Amfani na farko da zamani ya yi da lalle shi ne mayar da shi sana'a. Da can aikin kaka ne da gwaggo, ladansa goro da godiya. Yanzu mai ƙunshi tana da farashi, tana tallar aikinta a Instagram da TikTok, ana kama ta tun wata guda kafin biki. Da yake jarinta bai taka kara ya karya ba, ta zama mafaka ga mata da dama, har da waɗanda rikicin da ya ɓarke a 2009 ya koro daga garuruwansu zuwa Maiduguri. Ɗalibai mata da yawa ma da ita suke rage wa iyaye nauyi.

Sai dai kasuwa tana son sauri, lalle kuwa ba ya sauri. Nan ne dayis ya shigo. Babu itacen da ke ba da baƙin lalle. Abin da ke sa zane ya yi baƙi wuluk cikin rabin sa'a galibi rinin gashi ne mai ɗauke da sinadarin PPD, wanda ba a yi shi don a ɗora a fata ba. Yakan sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje da ɗurar ruwa, ya bar tabo mai siffar zanen, kuma wadda jikinta ya ƙi shi sau ɗaya takan zauna da wannan ƙi har abada. Likitoci a Hartum sun wallafa rahoto a 1992 a kan yara 31 da aka kwantar tsakanin 1984 da 1989 saboda gubar haɗin lalle da wannan sinadari, 13 daga cikinsu suka rasu. Ko lalle na asali ma likitoci suna gargaɗi kada a shafa wa jarirai masu ƙarancin sinadarin G6PD na gado, domin yana iya farfasa musu ƙwayoyin jini. Kwalli ma bai tsira ba. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a Boston da gubar dalma ta shiga jininsa ta hanyar kwalli, da aka auna kwallin kuma aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Bahaushe ya riga ya yi gargaɗi a kan wanda garin neman gira ya rasa ido.

Amfani na biyu ya fi ban mamaki, domin hukuma ce da kanta ta ari hikimar lalle. Tawadar da ake shafa wa mai zaɓe a gindin farce, wadda Indiya ta fara amfani da ita a babban zaɓenta na 1962, alama ce da ba ta wankuwa yau, amma za ta gushe kafin zaɓe na gaba. Haka ma tawadar da ma'aikatan rigakafin shan-inna ke sa wa yaro a ƙaramin yatsan hagu. A Jihar Borno aka ga ƙwayar shan-inna ta daji ta ƙarshe a Nijeriya a 2016, kuma a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. A cikin wannan nasara akwai rabon ɗan baƙin ɗigon da ya riƙa gaya wa ma'aikaci wane yaro aka yi wa, wane ne ya saura. Dabarar dai ita ce ta tsohuwar da ta shafa wa amarya lalle don gari ya shaida.

Amma inda hukuma ta ara, nan kuma ta yi karo. Na'urar tantance zanen yatsa tana son fata tsirararta. A 2025 hukumar JAMB ta gargaɗi masu neman rubuta jarrabawar shiga jami'a da su guji sa lalle a yatsu, domin yana hana na'ura gane su. Yarinyar da ta yi ƙunshin bikin yayarta na iya tsayawa a ƙofar ɗakin jarrabawa, na'ura ta ce ba ta san ta ba. Alamar da ta shekara ɗaruruwa tana gabatar da mace ga jama'arta, ita ce yau ke iya ɓoye ta ga kwamfuta.

A wasu wurare kuma zanen jiki ya koma fasahar nuni. A 1998 aka fara taron gasar zanen jiki na duniya a ƙasar Ostiriya, masu kallon ƙwallo kuma sun saba shafe fuska da kore da fari in Nijeriya na wasa. Misalin da ya fi dacewa da mu shi ne na Uche Okeke, wanda ya yi karatu a Zariya a ƙarshen shekarun 1950. Ya koyi zanen uli daga mahaifiyarsa, da ya koma koyarwa a Jami'ar Nsukka a farkon shekarun 1970 sai ya sa ɗalibansa nazarinsa, suka ɗauke shi daga fata da bango suka kai shi takarda. Uli ya ragu ƙwarai a jikin matan Ibo, amma an san siffofinsa da sunayensu, domin an samu jami'ar da ta ɗauke shi da daraja.

Kammalawa

A watan Disamba na 2024, a taron da ta yi a Asunsiyon ta ƙasar Faraguwai, hukumar UNESCO ta sa lalle a jerin al'adun gado na ɗan Adam, bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16, ciki har da Sudan da Masar da Muritaniya. Babu Nijeriya a cikinsu, babu Nijar, babu Chadi. A wannan taro dai aka sa hawan Salla na Kano a jerin. Ba laifin hukumar ba ne, domin ƙasa ce ke tattara hujjojinta ta gabatar. Abin da ya faru shi ne, na kan doki ya samu masu rubuta shi, na cikin gida yana jira.

Jiran kuwa yana da haɗari. Gobarar da ta cinye Kasuwar Monde a watan Fabrairu na 2023, da ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumba na 2024, sun nuna mana yadda abin da birni ya tara kan salwanta cikin dare guda. Ilimin lalle ya fi kayan kasuwa rauni, domin a ƙwaƙwalwar tsofaffi yake, su kuma kullum raguwa suke yi. Matan da suka kwana da hannu a zunguru, da waɗanda suka taka zuwa Makka ta Abeche suna 'yan mata, kaɗan suka rage. Su ne suka san sunan kowane zane da Barbarci da Larabcin Shuwa da Hausa, da waƙoƙin da ake yi ranar lalle, da abin da ake zubawa a kwaɓi ya yi duhu tun kafin a san dayis.

Wannan aiki ba ya buƙatar tallafi daga waje. Kowane ɗalibi a wannan sashe yana da kaka ko gwaggo, kuma wayar da ke aljihunsa tana ɗaukar murya da hoto. Ɗalibai mata sun fi kowa dama, tun da suna shiga inda malamansu maza ba sa shiga. Wadda za ta je ƙunshin Salla mai zuwa, tun da dole ta zauna sa'o'i hannu a sama, sai ta sa ƙanwarta ta kunna mata wayar, ta tambayi tsohuwar gidan yadda aka yi nata ƙunshin ranar da aka kai ta ɗakin miji.